Ƙarar da Lauratu Ta Kai

Duk mai cewa Lauratu ta sayar da ƙanenta, shi zo tashar Tambuwal shi faɗa gabana. In ban watsa mashi ruwan wanke-wanke ba, a canza mani suna. Ni ce Hafiza mai tuwo, rumfata jingine take da tata tun ba mu fara furfura ba, kuma abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gaban idona anka yi shi.

Lauratu mutuniyar Fakku ce, can ƙasar Kebbe. Aure ya kawo ta Tambuwal. Mijin direban motar Sakkwato ne, Allah shi jiƙan shi, ya rasu ya bar ta da ɗiya biyu mata da tandar masa. Ba ta da tsawo, ba ta da jiki, amma in ta ɗaga murya ta ce "Masa da zafi!" har mutanen gidan mai sai sun waiga. Faɗa kuwa mun yi shi ba iyaka, ni da ita, kan itace, kan benci, kan wa ta janye wa wata mai saye. Sai mu zagi juna da hantsi, da azahar muna cin abinci kwano ɗaya.

Uwar su Lauratu ta rasu wurin haihuwar auta, lokacin Lauratu ko zane ba ta iya ɗaurawa da kyau ba. Ita ta goyi yaron, ita ta tauna ta ba shi. Da anka kawo ta gidan miji, da shi ta zo, har dangin ango suna tsokana wai amarya ta zo da ɗan rakiyar da bai komawa. Sunan yankanshi Abdulganiyyu, amma babu mai kiranshi haka, saboda ƙato anka haife shi, sai Ɗangiwa ya bi shi. Shi kuma har ya yi gemu ya aje iyali bai taɓa kiran sunanta ba, sai Adda.

Sana'arshi kai burodi. Da safe shi ɗaure katon biyu bayan mashin, shi kama hanyar Kebbe, shi bi ƙauyuka har Fakku, shi dawo kafin la'asar jikinshi duk jar ƙasa. Bai shan taba, bai zaman majalisar banza, ko kaza bai iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Aibinshi ɗaya, gaisuwa. In Ɗangiwa ya tare ka, nemi wurin zama. Sai ya tambayi gida, da yara ɗaya bayan ɗaya, da surukarka mai ciwon ƙafa, da akuyar da ka ce ta ɓata bara. In kai ka tambaye shi kuwa, ka buɗe famfo. Mutanen ƙauye don haka sunka so shi, don burodi da labarin gari tare suka iso musu. Sau nawa Lauratu tana ce mashi, "Kai wanga, baki shi ka yanka wuya!" Sai shi yi dariya shi ɗauki masa biyu shi wuce.

To, zamani ya juya muna baya. Da fari shanu anka fara kora, munka ce matsalar masu shanu ce. Sannan anka koma ɗaukar mutane, a gona, a hanya, rana tsaka. Motocin Kebbe sunka daina tashi bayan la'asar. 'Yan sandan da ke akwai ba su da yawa, mota guda, yau tana tashi gobe sai an tura. Sai samarin unguwanni sunka haɗu sunka zama 'yan sa-kai, da bindigar toka da adduna da layu, sunka naɗa Sirajo mahauci shugaba, wanda anka kashe wa wa a gona. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi aiki. Ɓarayin waya da masu fasa shaguna sunka ɓace daga tasha kamar an share. Ni da kaina na sha zuba musu tuwo kyauta ina sa musu albarka.

Amma sai wata kalma ta shigo gari, infoma, wato mai kai wa mutanen daji rahoto. Wanda duk anka liƙa wa ita, tsohon siton taki da ke bayan gari ake kai shi. Wasu sun dawo suna ɗingishi. Wasu ba su dawo ba, kuma babu uwar da ta isa ta tambaya da ƙarfi.

Ranar wata kasuwar Kebbe, Ɗangiwa yana sauke burodi bakin hanya, sai ga Gazali. Katangarsu ɗaya a Fakku suna yara, tare sunka yi kiwon awaki, uwar Gazali ta sha ba shi tuwo. An daɗe ana raɗe-raɗin Gazali ya shiga daji, kuma Ɗangiwa ya ji. Amma mutum ya yi maka sallama ya miƙo hannu, ƙaƙa za ka yi? Ka ƙi amsawa? Ga kunya, ga tsoro. Sai anka shiga gaisuwa irin tamu. Ina Adda, ina yara, ina liman tsoho. Can Gazali ya ce, "Alhaji Gidaɗo fa? Har yanzu shina Sakkwato wurin magani?"

Alhaji Gidaɗo ɗan kasuwar hatsi ne, shi ma asalin Fakku, zaune a Tambuwal, mutumin kirki da rabin gari sun ci arzikinshi. Ɗangiwa, Allah sarki, ya ce, "A'a, ai ya samu sauƙi, ya dawo. Kullum da safe ma da kanshi shika zuwa fadama duba shinkafa."

Ba a yi mako ba anka ɗauke Alhaji a fadamar nan.

Labarin ya iso tasha Ɗangiwa yana zaune kan bencin Addarshi, bakinshi cike da masa, mutane maƙil. Wallahi da ya yi shiru da babu wanda zai sani har abada. Sai gogan naka ya tafa hannu ya ce, "Innalillahi! Kwanan nan fa Gazali ya tambaye ni shi a Kebbe, har na ce mashi shina zuwa fadama!" Lauratu ta wurga mashi cokalin juya masa, ya same shi a kafaɗa, amma magana zarar bunu ce. Na ga wasu samari biyu sun aje kwano ba su gama ci ba sun fita.

Kafin azahar anka zo anka tafi da shi. Bai yi gardama ba, yana ta cewa, "Ai gaisawa munka yi, ku tambayi kowa, gaisawa ce kawai," kamar mai ba da hanzari gaban malamin makaranta.

Lauratu ta bar tanda kan wuta ta bi su, ni ma na bi ta. A ƙofar siton ta durƙusa gaban Sirajo, yaron da ta sha kora daga rumfarta yana ƙarami don satar masa. Ta ce, "Sirajo, ka san shi. Ka san wawa ne, ba mugu ba."

Sirajo bai ɗaga mata murya ba, gara ma da ya ɗaga. Ya ce, "Inna, da bakinshi ya faɗa, gaban jama'a. In Alhaji ya dawo da rai, na yi maki alkawari ki zo ki ɗauki abinki. In kuwa bai dawo ba, ba ni iya tare gari. Ko na ce a bari, babu mai ji na."

Daga nan munka fara yawon ƙofa-ƙofa. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, ana bincike. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya ce shi ma ya san Ɗangiwa da sahun gaba, amma da Lauratu ta ce to Malam zo ka faɗa musu haka, sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai gidan burodin da Ɗangiwa ya yi wa bauta shekara da shekaru cewa ya yi a ce bai nan, alhali ga takalmanshi bakin zaure. Ban ga laifinsu duka ba, don a lokacin wanda ya tsaya wa infoma shi ma infoma ne. Amma na tsine wa mai burodin nan, kuma har gobe ban janye ba.

Munka je caji ofis. Ni da na girma ina jin ana cewa Allah shi raba mu da hannun hukuma, sai ga ni ina roƙon a zo a kama mutum a kulle. Babban 'yan sandan ya saurare mu da mutunci, ya ce ya aika an tambaya, an ce babu wani mai wannan suna a siton. Ya nuna muna mutanenshi da ke zaune, ya ce mu da kanmu mu duba, da waɗannan zai je ya ƙwaci mutum daga hannun gari guda? Muna fita wani dattijon saje ya biyo mu har bakin titi, ya ce a hankali, "Hajiya, babu wanda ya kawo ƙarar ƙanenki, shi ya sa babu shi a hannunmu. Da wani zai zo da shaida ya ce yana da hannu a satar mutum, wannan ta fi ƙarfinmu, Sakkwato ke aiko motoci da mutane su ɗauke shi." Lauratu ta harare shi ta ce, "Allah shi kiyaye." Munka wuce.

Kwanakin da sunka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyina. Fauziyya matar Ɗangiwa ta kwaso yara ta dawo gidan Lauratu, don an fara jifan ƙofarsu. Kullum Lauratu ta kai masa siton, a karɓa a ƙofa, ba ta san ko tana isa gare shi ba. Sau ɗaya ta ji muryarshi daga ciki, ba magana yake ba, kuma ba ta taɓa gaya mani abin da ta ji ba. Ta rame har zobenta na faɗuwa cikin ƙullu. Ba ta da addu'a sai ta Alhaji Gidaɗo. Ko iyalanshi ban jin sun kai ta roƙon Allah shi dawo da shi. In mota ta shigo daga Kebbe sai ta saki cokali ta tsaya tana duban bakin direba.

Tasha ita ka fara jin komi. Wata safiya direban Kebbe ya sauko bai ko kashe mota ba, ya ce an tsinci gawar Alhaji bakin daji, ciwonshi ya tashi a hannun mutanen daji sunka yar da shi. Ana kawo shi, za a yi sutura bayan la'asar.

Tasha ta ɗauki salati. Ni kuwa Lauratu na duba. Duk wanda ke wurin ya san inda jama'a za su nufa in an taso daga maƙabarta.

Ba ta yi kuka ba. Ta sauke tanda, ta yayyafa wa wuta ruwa, ta gyara lulluɓi. Ta ce, "Hafiza, taso." Na ce ina za mu, gidan Sirajo? Ta ce, "Sirajo ya gama magana." Sai da na ga mun doshi caji ofis na gane, na riƙe mata hannu a tsakiyar titi na ce, "Ke, kin haukace? Mi za ki ce musu?" Ta fizge ta ce, "Abin da nika tsoro ya riga ya zo. In kina da wata dabara faɗi yanzu, in babu sakar mani hannu."  Na sake ta.

Gaban kantar 'yan sanda ta tsaya ta ce ta zo kawo ƙara. Ta ce ƙanenta Abdulganiyyu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kai rahoton Alhaji Gidaɗo. Ta ce ya daɗe yana hulɗa da mutanen daji, yana kai musu burodi, ta gani da idonta, kuma a shirye take ta faɗa gaban alƙali. Ƙarya tsagwaronta, tana zubo ta muryarta ko rawa ba ta yi. Babban nasu ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Hajiya, kin san nauyin wannan magana? In ta shiga ba ta fita da sauƙi. Zai iya shekaru a tsare." Ta ce, "Na sani. A tsare ana numfashi." Ta dangwala yatsa, shi kuma ya ɗauki waya ya fita waje.

Sannan munka zauna jira kan dakalin ofis, idonmu kan hanyar Sakkwato. Anka kira azahar. Motar gawa ta wuce gabanmu, mutane na bin ta a mashina. Anka kira la'asar. Lauratu ta tashi ta yi salla nan kan dakali, ta sallame ta ce mani ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Duk ƙurar da ta taso daga arewa sai mu miƙe, sai ta zama tirela ko motar itace. Har munka fara jin hayaniyar masu dawowa daga maƙabarta, kuma ba gida sunka nufa ba.

Sai ga motoci biyu cike da masu bindiga. Anka sa mu a baya, anka yi bayan gari.

Mun tarar da jama'a sun cika gaban siton, wasu da sanduna, wani riƙe da galan ɗin fetur. Sirajo na tsaye bakin ƙofa, gumi ya jiƙa mashi riga, kuma na rantse da ya ga motocin nan sai da ya sauke ajiyar zuciya. Amma jama'a sunka ƙi matsawa. Ana ta ihu, ba a ba da shi, hukuma sakin su take, gobe a gan shi kasuwa. Babban ɗan Alhaji yana gaba, ƙasar kabarin ubanshi ba ta bar hannunshi ba.

Shugaban waɗanda sunka zo daga Sakkwato ya ce a fito da mutumin, mai ƙara ta nuna shi. Anka fito da Ɗangiwa. Ƙaton nan ya zama kamar tsumma, ido ɗaya a rufe, ana riƙe da shi ta hammata. Ya ɗaga kai ya hango ta, fuskarshi ta saki kamar ta yaro, ya ce, "Adda."

Jami'in ya ce, "Shi ne?"

Lauratu ta hau kan wani bulo don a gan ta. Da muryar nan tata ta tallar masa ta ce, "Shi ne! Ni na goye shi, ni na kai ƙararshi! Infoma ne, ni ce shaida, kuma ni zan tsaya gaban alƙali har a yanke mashi hukunci!"

 Babu wanda ya taɓa jin irin wannan a garinmu. Ɗan Alhaji ya dube ta, ya dubi Ɗangiwa, ya ce, "To, tunda jininshi ya faɗa, babu mai sakin shi. Ku tafi da shi." Mutane sunka dare. Anka jefa shi bayan mota, kuma har motar ta juya idonshi guda mai gani yana kanta. Sai da ƙurar ta kwanta sannan ta zube ƙasa, na goya ta kamar yarinya na kai ta bakin titi.

Washegari Fauziyya ta kwashe yaranta ta koma gidansu, ta tofa miyau a ƙofar Lauratu kafin ta wuce. Gari ya rabu biyu. Wasu na cewa hannunka bai ruɓewa ka yanke ka yar, wagga mata ba ta da imani. Waɗannan da sauƙi, ni ka ji da su. Masu kashe ta su ne masu zuwa sayen masa su ce, "Allah shi yi maki albarka, Lauratu, ke ce mai gaskiya, da kowa zai fito da na gidanshi da an zauna lafiya." Sai ta ce amin, don in ta ce wani abu daban, maganar za ta koma inda bai kamata ba. Ta gaya wa lauya gaskiya tun tuni, ya ce a bi a hankali, ba yanzu ba. Shari'a kuwa yau a ɗage, gobe a ɗage.

Da anka ba da izinin ziyara na raka ta gidan yari a Sakkwato. Ta soya masa tun da asuba, ta zuba a kwanon da ya fi so, da yaji a ƙulle. Mun daɗe zaune kafin a fito da shi. Idon ya warke, amma ya yi furfura, yaron da na girme da nisa. Ya zauna bai dube ta ba. Ta tura mashi kwanon, bai taɓa ba.

Ta ce, "Ɗangiwa, ka san dalili."

Ya ce, "Na sani. An gaya mani." Sannan ya ce, "An ce yarana ba su zuwa makaranta, ana kiransu ɗiyan infoma. Da wani ya faɗa, wata rana a manta. Ke kika faɗa, Adda, wa zai ƙaryata ki? Da kin bari sun kashe ni, da ko mutum ɗaya ya ce an zalunce shi."

Na ji zuciyata ta taso, na buɗe baki zan wanke shi tas, ta danne mani gwiwa. Ta ce, "Ka ƙi ni, Ɗangiwa. Ka ƙi ni iya ƙarfinka, har ka tsufa kana ƙi na. Ni dai abin da na roƙa ke nan."

Ya tashi ya bi gandiroba ya koma ciki, ya bar kwanon kan benci.

Munka shigo motar dawowa har munka wuce Shagari. Kwanon na kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu. Can ta juyo, hawaye na bin fuskarta har cikin baki, ta ce, "Hafiza, kin dai gani ko? Da ƙafarshi ya fito, da ƙafarshi ya koma. Babu wanda ya riƙe shi."

Na ce na gani.